Gargaɗi ga masu jinyar raunin laka: ku yi hattara da dillalan "dashen raga"

Wata takwas ke nan ɗan yayata yana kwance. Babur ya kayar da shi, ƙashin bayansa ya karye, laka ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji. A makon jiya wani mutum ya turo wa mahaifiyarsa bidiyo ta WhatsApp, ya ce shi wakilin wani asibiti ne a ƙasar waje. Wai za a dasa wa yaron wata raga a laka, a zuba mata ƙwayoyin halitta, cikin wata uku ya miƙe da ƙafarsa. Ya nemi kuɗin kafin alƙalami a asusunsa na kansa, ya ce gurbi biyu kacal suka rage. Har an fara cinikin gonar gado kafin maganar ta zo kunnena.

Abin da ya sa wannan damfara take kama mutane shi ne an gina ta a kan bincike na gaskiya. Idan laka ta ji rauni, wurin kan zama rami da tabo, jijiyoyi su kasa tsallakewa. Masana suna ƙoƙarin sa wani abu mai kama da soso a ramin, wanda jiki zai narkar a hankali, domin jijiyoyi su bi ta kansa kamar yadda duma ke bin rumfa. Tunani ne mai kyau, kuma ina addu'ar ya kai ga nasara. Amma ku dubi inda aikin ya tsaya.

Kamfanin InVivo Therapeutics na Amurka ya yi shekaru yana gwada irin wannan raga a jikin mutane, ana dasa ta cikin 'yan kwanaki bayan rauni. A 2023 kamfanin da bakinsa ya sanar cewa gwajin bai cimma abin da aka sa a gaba ba, a 2024 ya shigar da takardar karayar arziki. Bidiyon da aka turo mana kuwa, wanda ɓera mai shanyayyun ƙafafu yake tafiya, irin aikin da Farfesa Samuel Stupp na Jami'ar Northwestern ta Amurka ya wallafa ne a 2021. A kan ɓeraye aka yi shi, kuma kwana ɗaya bayan rauni aka yi musu allurar maganin. Ɓera daban, yaron da ya yi wata takwas a kwance daban.

Kada kuma a ɗauka asarar kuɗi ce kawai. Likita Paolo Macchiarini ya dasa wa marasa lafiya maƙogwaron roba da aka jiƙa da ƙwayoyin halittarsu, tun daga 2011, a asibitin Karolinska na Suwidin. Duniya ta yi ta yabonsa, mafi yawan waɗanda aka yi wa suka mutu, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi a 2023. Idan haka ta faru a babban asibiti irin wannan, me za a ce da wanda ba ka san komai game da shi ba sai lambar waya?

Na kira mutumin. Na tambaye shi sunan likitan da zai yi aikin, da hukumar da ta amince da ragar, da abin da za a yi idan ciwo ya shiga wurin. Ya ce sirrin kamfani ne. Na ce ya turo takardun mu kai wa likitan jijiyoyin da ke duba yaron, sai ya fara cewa ba ni da tawakkali. Wannan ta fi komai ɓata mini rai, domin ya san uwa ce yake magana da ita, kuma ya san abin da kalmar za ta yi mata. Gwaji na gaskiya ba ya gudun tambaya, ba ya yin alƙawarin warkewa, ba a kuma biyan kuɗinsa ta asusun dillali.

An fasa sayar da gonar. Mun sayi katifar da ke rage gyambon kwanciya, muna juya shi duk bayan awa biyu, ana kula da robar fitsari, yana zuwa gashin ƙashi. Jiya ya zauna a keken guragu shi kaɗai, ya fita ƙofar gida. Idan wannan bidiyo ya iso wayarku, ku nuna wa likitanku kafin ku tura ko sisi.