Mai kala 12 ko mai kala 48: wanne ya fi don zanen fure?

Ƙanwata, tsakanin babban akwatin fentin ruwa mai kala 48 da kika gani da araha da ƙaramin akwati samfurin Cotman mai kala 12, ki rufe ido ki ɗauki mai 12 ɗin.

Shi ne a hannuna. Da sanyin bara wata maƙwabciyarmu a Rayfield ta yanko min wardi daga lambunta, irin jan nan mai duhu da ke son sanyin Jos. Na shafa ruwa zalla a siffar fallen furen, na ɗiga ja a gindinsa, na ɗauke hannu. Da kansa ya bi ruwan yana hawa, yana dusashewa, kafin ya kai baki ya koma ruwan hoda, hasken takardar yana leƙowa ta ƙarƙashi. Da ya bushe na ɗora wani siririn shafi na jan da ɗan shuɗi a inda inuwa take, na farkon bai motsa ba. Maƙwabciyar ta karɓe zanen, ta ce ladan furenta ne.

Mai 48 ɗin ma ina da shi. Yara ne ke wasa da shi yanzu.

Araha ba ta ado. Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, irin wanda ake ɓamɓarowa a jikin dakwara a Yobe da Borno da Jigawa. Masu arahar sukan rage garin launin su cika da farin gari mai kama da alli, shi ya sa yana jiƙe kamar abin kirki, yana bushewa sai ya yi furu-furu, ki goga yatsa ya biyo ki. Kuma in kika haɗa biyu ko uku daga ciki, ruwan kwata za ki samu. Fure kuwa haske yake so ya ratsa shi.

Tunda kin ce gwaje-gwajen launi kike son yi, ƙarancin kalar ne zai koya miki. Koren da ke cikin akwati ya cika ƙyalli, babu ganyen da ya yi kama da shi. Ki haɗa shuɗin da ake kira Ultramarine da rawaya, ki taɓa masa ɗan ja kaɗan, za ki ga ganyen wardi ya fito sak. Inuwar fure kada ki kusance ta da baƙi, shuɗi da ja sun isa. Wurin da kike son fari ki bar takardar haka nan. Kuma ki ɗan ƙara wa launi ƙarfi, domin yana yin haske bayan ya bushe.

Aibin ƙaramin akwatin ɗaya ne: nawa bai zo da ruwan hoda mai tsabta ba. Ki sayi Permanent Rose guda ɗaya daban, ki duba lambar PV19 a jikinsa. Da shi da Ultramarine za ki fitar da shunayya iri-iri. Opera Rose ya fi shi ɗaukar ido, amma rana na cinye shi a bango.

Ki yi la'akari da lokaci ma. Da hunturu takarda kan bushe kafin ki gama wanke burushi, don haka aikin jiƙe-kan-jiƙe, wato ɗiga launi a jiƙaƙƙiyar takarda, sai da sassafe, falle ɗaya bayan ɗaya. Amma babu lokacin da ya fi shi daɗin ɗora shafi kan shafi. A watan Agusta kuwa akasin haka ne, za ki zauna jiran takarda har ki gaji. In za ki gwada barbaɗa gishiri a kan jiƙaƙƙen fenti, ki yi lokacin da sheƙin ruwan ya fara raguwa, ki bari ya bushe sarai kafin ki kakkaɓe.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu miƙo miki fentin fosta na 'yan makaranta su rantse fentin ruwa ne. Akwai masu saka hoton kwalin asali a Instagram, kaya su iso ki ga wani abu daban. A takarda abin ya fi muni: kwali mai santsi za a ba ki a ce na zane ne, ruwa na taɓa shi ya kumbura. Ki nemi mai kauri wadda aka rubuta 300gsm a jikinta, in aljihu ya yarda ta auduga zalla irin Arches, in bai yarda ba Canson ma za ta yi don koyo. In kasuwar Terminus ta Jos za ki shiga, tafi da burushinki da ɗan ruwa a gora, ki ce a ba ki ƙyalle ki gwada. Na intanet kuma kada ki tura kuɗi sai kaya sun zo hannunki kin buɗe.

Ki sayi mai 12, ki ƙara Permanent Rose, canjin da ya rage ki zuba shi a takarda.