Kamfanin da ya kai mu Alkahira: minti 50 a gindin dala, awa biyu a shagon turare

Tauraro uku na yi niyyar ba su, don dai sun kai mu sun dawo da mu lafiya, motar kuma tana da sanyi. Bari in faɗi yadda aka yi.

Jirgin ruwan da muke karatu a cikinsa ya tsaya a Iskandariya kwana uku. Ranar ƙarshe ce kaɗai ba mu da darasi, sai mu 14 muka haɗa kuɗi muka ɗauki wannan kamfani ya kai mu Alkahira mu dawo a yini ɗaya. Makaranta ma ta shirya tata tafiyar, amma kun san yadda kuɗinta yake, shi ya sa muka bi araha. A shafinsu sun jera dalar Giza, gunkin Abul Haul (mai jikin zaki da kan mutum), gidan tarihi "har da gawawwakin sarakuna", Masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili, sannan a ajiye mu a bakin jirgi ƙarfe 7 na yamma. Dokar jirginmu kuwa, ƙarfe 8 kowa ya kasance a ciki, ƙarfe 10 a tashi. Sau uku muka nanata musu wannan a WhatsApp, amsar ɗaya ce: "mafish mushkila", wato ba matsala.

Ƙarfe 4:30 na tashi. An ce mota za ta zo 5:30, sai 6:15 ta iso ƙofar tashar. Ban riƙe wannan ba. Hanyar hamada tsakanin biranen biyu ta kai kilomita 220, kusan duk barci muka sha, ban farka sosai ba sai da wani ya daka min duka a kafaɗa yana nuna taga. Ga dala can ta leƙo ta bayan dogayen gidaje, kamar an ajiye ta a bayan unguwa. Ni duk a zatona tana can tsakiyar sahara, ashe gari ya riga ya ci har gindinta.

Gani ya kori ji. Babbar, ta Fir'auna Khufu, ta shekara wajen 4,500 a tsaye. Da aka gina ta tsayinta mita 146 ne, yanzu ya koma wajen 138 saboda kan ya tafi, an kuma kwashe farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi. Duwatsun cikinta an ƙiyasta sun kai miliyan 2.3, na layin ƙasa wasu sun kai min ƙirji. Na ɗora tafin hannu a kan ɗaya, na rasa abin cewa. Ɗan jagoranmu, a yi masa adalci, ya san aikinsa. Shi ya gaya mana cewa jan dutsen da aka yi ɗakin sarki da shi daga Aswan aka ɗauko ta kogin Nilu, tafiyar kilomita 800 da wani abu. Shi ya kuma gargaɗe mu da masu raƙuma: hawa kyauta ne, sauka ce da kuɗi.

To amma minti 50 ya ba mu. Mu huɗu muka so mu yanki tikitin shiga cikin dalar, inda ake bi a sunkuye har ɗakin da akwatin dutsen yake, ya ce ba lokaci. Abul Haul kuwa tsayuwar hoto kawai aka yi, minti goma, sai "yalla ya shabab, yalla". Muka bi shi ba musu, a tunaninmu yana tattalin lokacinmu ne saboda sauran wuraren.

Ashe shago yake sauri ya kai mu. Ya kira shi "cibiyar koyon takardar bardi", wato takardar da mutanen Masar na dā ke yi da karan wata ciyawa, ya ce tunda ɗalibai ne mu dole mu gani. Minti biyar ɗin farko na ji daɗinsu, ba zan ɓoye ba. Wani saurayi ya fere karan bardi, ya yanka shi siri-siri, ya jiƙa, ya jera tsaye da kwance, ya danne a matsi, ya nuna mana yadda ake gane ta gaske daga ta jabu. Daga nan aka kawo shayi kyauta, ni kuwa na manta cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin mu shanye an raba mu, kowa da nasa mai talla a gefe. Aka gama da takarda aka haura da mu bene, turare. Wannan na Sarauniya Nafartiti ne, wancan na Sarauniya Kiliyofatara, a shafa maka a wuyan hannu, a shafa a bayan hannu, har hancina ya daina banbancewa, kaina ya fara sarawa. Na fito neman ɗan jagora, na same shi a bayan kanta shi da mai shagon suna duba wani littafi, ana rubuta abin da kowannenmu ya saya. A nan na gane inda minti 50 ɗinmu ya samo asali. Kamasho.

Na ce masa, "Ustaz, lokaci fa yana tafiya." Ya yi murmushi ya ce minti biyar, ya habibi. Minti biyar ɗin nan sai da ya haihu ya yi jikoki. Wata a cikinmu tana ciniki, wani katinsa ya ƙi ci, an ce a jira na'ura. Awa ɗaya da minti 50 na ƙirga da agogona. Abin da aka shekara 4,500 ana zuwa gani mun ba shi ƙasa da awa, kwalaben turare mun ba su kusan biyu. Ina rubuta wannan raina na sake ɓaci, tauraro ukun nan ya koma biyu.

Abincin rana ba yabo ba fallasa.

Ƙarfe 3 ta wuce muka shiga gidan tarihi na Dandalin Tahrir, tsohon ginin nan na 1902. Ni abu ɗaya ya kawo ni: gawar Ramsis na biyu, wanda ya yi mulki shekara 66, wanda mutane da yawa ke cewa shi ne Fir'aunan zamanin Annabi Musa. Tun muna cikin teku nake zancen. Na tambayi ɗan jagora ina ɗakin yake, sai ya kawar da kai. Wani ma'aikacin wurin ne ya gaya min cewa tun watan Afrilun 2021 aka kwashe gawawwakin sarakuna 22, maza 18 da mata 4, aka mayar da su sabon gidan tarihi na Fustat, da gagarumin biki da aka nuna wa duniya a talabijin. Wato shekaru ke nan kamfanin yana sayar da abin da ba ya wurin, bai ko gyara shafinsa ba. Fustat ɗin ba ta da nisa daga Tahrir, da ba a ƙona mana rana a shago ba da mun leƙa.

Azhar fa? Masallacin da aka aza tubalinsa a shekarar 970, wanda tun ina ƙarami nake jin sunansa, ko hasumiyarsa ban hango ba. Khan Khalili da ke kusa da shi ma haka. Ɗan jagora ya ce cunkoso ne, ya sauka a wani kwana ya ɗaga mana hannu, don shi ɗan Alkahira ne, aikinsa ya ƙare. Ƙarfe 5 ta gota, daidai lokacin tashi daga aiki, muka faɗa go-sulo. Awa ɗaya da rabi kafin mu ga bakin hanyar hamada.

A nan ne direban ya ba ni mamaki. Dattijo ne, tun safe bai ce uffan ba, muna dai kiransa Ammu, wato baffa. Da ya ga wata ta fara kuka, fasfo ɗinmu duk suna jirgi, sai ya karɓi lambar wakilin jirgin da ke bayan katin shaidarmu, ya kira da wayarsa ya yi bayani da Larabci, ya sake kira bayan kowane rabin awa yana faɗin inda muke. Bai yi gudun ganganci ba duk da muna ta zuga shi. Wajen Wadi Naɗrun ya tsaya minti bakwai cif, ya ce mai salla ya haɗa, mai bayi ya shiga, ya dawo da ruwa da dabino da kuɗin aljihunsa. Da muka shiga Iskandariya ya bar babban titi ya bi wasu lunguna, sai ga mu a ƙofar tasha 9:20. Muka tara masa bakshish, wato tukuici, sai da muka yi da gaske ya karɓa.

Jirgi bai tafi ya bar mu ba, amma doka ba ta san Ammu ba. Tunda ba tafiyar makaranta muka bi ba, lattin a wuyanmu yake. Da muka isa Girka aka hukunta mu, kowa ya sauka da safe, mu 14 muna zaune a ɗakin cin abinci muna kallon gari ta taga har azahar. Wato kamfanin nan bai tsaya a cinye min Alkahira ba, har rabin yini ya ci min a wata ƙasar. Ina tuna wannan, gaskiya ko biyun ma sun yi yawa.

Na rubuta musu in nemi ko rabin kuɗin, tunda wurare biyu ba a je ba, na uku kuma babu abin da aka yi alkawari. Suka amsa cewa jadawali yana iya canjawa saboda yanayin hanya, suka haɗa da hoton furanni da roƙon in ba su tauraro biyar. Na sake rubutawa, shiru har yau.

Tauraro ɗaya, shi ma na Ammu ne. Takardar bardin kuwa, e, na saya, mai sunana da rubutun Fir'auna. Tana nan a naɗe cikin kwalinta a ƙasan jaka, har yanzu ƙamshin turaren shagon take yi.