Sharhi Kan Tambulan ɗin Muski na Alƙahira

Duk wanda ya ratsa kasuwar Khan al-Khalili a Alƙahira zai ga irin gilashin nan mai launin shuɗi, kore ko ruwan ƙasa da ake kira muski. Na sayo tambulan da buta guda, yanzu da su muke shan zoɓo a gida, kuma gaskiya sun shiga raina.

Da fasassun kwalabe ake yin su. A narka su a tanderu, maƙeri ya ɗebo narkakken a bakin dogon bututun ƙarfe, ya hura yana juyawa har ya kumbura. Shi ya sa babu biyu da suka zo daidai: wani ya ɗan karkace, wani bakinsa ya fi kauri, jikinsu duk ƙananan kumfar iska. A gindin kowanne akwai tabon inda aka ɓalle sandar riƙo. Wasu na ganin wannan aibi ne. Ni kuwa shi na biya kuɗi na saya.

Wannan dabara ta haura shekara 2,000. An fara hura gilashi a yankin Sham da Falasɗinu a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a birnin Ƙudus aka tono wasu daga cikin tsofaffin shaidunta. Kafin nan aikin wahala ne. A zamanin Fir'auna Tutmos na 3, sai an mulmula yumɓu da kashin dabbobi a kan sanda, a nannaɗe shi da narkakken gilashi, in ya huce a kankare cikin. 'Yar kwalbar turare ke nan, sai gidan sarauta da masu hannu da shuni. Da hurawa ta zo, cikin mintuna a gama kofi, har talakan Rum ya samu na shan ruwa. Kayan haɗin gilashin zamanin Rum ma ba baƙo ba ne gare mu: yashi ne da kanwa, wadda a lokacin ake haƙowa a Wadi Natrun da ke Masar.

Sai dai akwai inda tambulan ɗin nawa suka gaza. Na zuba shayi mai zafi a ɗaya, nan take ya tsage daga baki har gindi. Irin wannan gilashi yana bukatar a bar shi ya huce sannu a hankali bayan hurawa, in aka yi gaggawa ba ya jure zafi, kuma mai shagon bai gargaɗe ni ba. Butar ma tana ɗan zubar da ruwa ta gefen baki.

In za ka saya, ɗaga kowanne ka duba a haske don gudun tsagewa, ka shafa bakin da yatsa ko da kaifi, ka ajiye shi a kan tebur ka ga ko yana zama daram. A yi ciniki sosai, a sa mai shago ya naɗe kowanne da jarida. A gida kuma a bar su ga zoɓo, kunun aya da ruwan sanyi, a wanke da hannu.