Siwan ne ko kwasakwasa? Amsa ga mai hoton Gidimuni

Salamu alaikum ƴan gurup. Ƙanena da ka turo hoton fararen tsuntsaye daga tabkin Gidimuni kana tambaya wai ko su ne siwan ɗin nan na jikin kalanda da zanen gado, wanda Faransawa ke ce ma cygne, to a'a ba su ba ne. Na ja hoton na duba sosai duk da daga nesa portabul ɗinka ta ɗauko, kwasakwasa ne.

Shi siwan fa ba tsuntsun ƙasarmu ba ne sam, farin nan na kalanda na Turai da Asiya ne, akwai ma baƙi a Ostareliya. Bakinshi gajere irin na agwagwa, ruwan lemu, da wani baƙin ƙulu a gindin bakin, wuya kuma dogo a lanƙwashe, nauyi yakan kai kilo 10 zuwa 12. Ciyawar ruwa yake ci, sai ya tsoma wuyan nan can ƙasa ya tsinko.

Kwasakwasa kuwa bakin ne ke tona mishi asiri, dogo zungurere da jaka rawaya a ƙarƙashi, da ita yake kwasar kifi, kuma sau da yawa ba shi kamu shi kaɗai, za ka ga sun yi da'ira suna koro kifi wuri guda sai su tsoma baki tare kamar an ba su oda. Duba na hagu a hotonka wanda ya ɗan buɗe fiffike, ka ga baƙin nan na gefe? Siwan fiffikenshi fari fat ne har ƙarshe.

In sun tashi sama ma ya fi sauƙi. Siwan miƙe wuya yake yi gaba sambal, kwasakwasa ko ya janye kai ya kwantar bisa kafaɗa.

Wani ya ce balbela ce, haba Malam, balbelar da ke bin shanu bayan gari ko kilo 1 ba ta kai ba, kuma tsaye take farauta bisa ƙafafu, ba yawo take bisa ruwa kamar kwalekwale ba. Gobe in ka koma ka je da sassafe, ka laɓe ka jira su tashi sannan ka ɗauko muna bidiyo.