Gangami Ko Ƙaramin Zama: Wanne Ya Fi Isar Da Saƙon Ciwon Suga Ga Mata?

Ƙungiyoyin taimakon al'umma irin su Lions Clubs kan shirya gangami ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya. A ɗan soki yatsan mace, a ɗiga jinin a na'ura, nan take lamba ta fito. Wadda ba ta taɓa gwaji ba takan gano halin da take ciki. Amma da taro ya watse, wa zai bi sawunta?

Ni dai hankalina ya fi kwantawa da ƙaramin zama, na mata 'yan kaɗan, wata-wata, tare da ma'aikaciyar lafiya. Nan ne mace za ta sassauta murya ta faɗi abin da kunya ke hana ta faɗa cikin jama'a: yawan fitsarin dare, ƙishirwa, ƙaiƙayin gaba da ya ƙi ji ya ƙi gani. Nan ne mai juna biyu za ta ji cewa ana gwajin suga tsakanin mako 24 zuwa 28, kuma ko ya sauka bayan haihuwa, yana iya dawowa daga baya. Wahalarsa dai ita ce samun 'yan ƙungiya masu juriyar zuwa kowane wata.