Gwajin sikila: abin da na gani a Birmingham

Ƙanena, tunda kai ma ka fara zama a ɗakin gwajin jini, ga labarin da ka nema na na'urar da muke raba furotin da ita a nan. Zan fi tsayawa kan himogulobin, furotin ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, don a kansa ne ake ɗaura aure ko a fasa a gida.

Ka san abin da muka saba da shi: ɗan tankin roba, ruwan bafa (ruwan sinadarin da wutar ke bi ta cikinsa) mai pH 8.6, da takardar selulos. A fasa jini, a ɗiga a bakin takarda, a kunna wuta, a jira, sannan a ɗaga a duba da ido inda layukan suka tsaya. Ba na raina hanyar, asalinta mai daraja ne. Arne Tiselius na Uppsala ya karɓi kyautar Nobel a 1948 kan raba furotin da lantarki, a 1949 kuma Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna da wannan dabara cewa himogulobin ɗin mai sikila tafiyarsa daban ce. Sai dai a kan takarda nau'o'in himogulobin S (na sikila) da D da G wuri guda suke tsayawa, C kuma ya haɗe da E da A2, kuma ido ba ya faɗa maka kashi nawa ne kowanne. Bafa ta tsufa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai layuka su cakuɗe, mai gwaji ya koma kintace.

A nan muna aiki da Capillarys, ta kamfanin Sebia na Faransa. A cikinta akwai bututan gilashi takwas, ramin kowanne bai kai kaurin silin gashi ba. Amfanin sirantar shi ne zafi yana fita da sauri, don haka ana iya sakin wuta ta dubban bolt ba tare da furotin ya dagule ba. James Jorgenson da Krynn Lukacs ne suka fito da ƙarfin wannan hanya a 1981, a Jami'ar North Carolina ta Amurka. Kwalbar jini kawai kake sawa a mazubi. Na'urar ta fasa shi da kanta, ta tsotsi ɗan ƙanƙani, kowane himogulobin ya zo ya wuce ta gaban haske mai nanomita 415, kwamfuta ta zana masa tsauninsa a jadawali tare da kasonsa.

Inda masu bincike suka sha wahala shi ne bangon bututun. Gilashin na ɗauke da caji, furotin kuwa yana manne masa. Da ya manne, tsaunin da ya kamata ya fito tsaf sai ya ja jela, lokacin isowarsa ya goce, kwamfuta ta ajiye shi a gurbin da ba nasa ba. Stellan Hjertén, ɗalibin Tiselius, ya shafe cikin bututun da wani siririn rufi don ya hana hakan. Tamu na'urar bafa mai pH 9.4 take sha, inda furotin da bango ke ɗaukar caji iri ɗaya su riƙa tunkuɗe juna, sannan tana wanke bututu bayan kowane jini, tana riƙe zafinsa kada ya motsa.

Wani ɗan garinmu mazaunin nan ya zo da katin AA daga gida, matarsa AS, hankalinsu kwance. Da ta samu ciki aka ce shi ma a gwada shi. Ya kawo mini takardar sakamakon in fassara masa. Babu S ko ɗigo, amma A2 ɗinsa ya haura kashi 5 cikin ɗari, alhali da ya wuce 3.5 ake zargin mutum na ɗauke da beta-talasimiya, wata matsalar jini da ake gada. Irin wannan idan ya haɗu da S a jikin yaro, ciwon sikila ne. Wanda ya rubuta masa AA bai yi ha'inci ba. Takardar selulos ɗin da ya yi aiki da ita ce ba ta iya auna wannan. Abin ya daɗe yana damuna, don ban san gidaje nawa ne ke riƙe da irin katin nan ba.

Tsarin da ke kewaye da na'urar ya fi ta burge ni. Kowace safiya sai mun fara da jinin gwaji, wanda muka riga muka san abin da ke cikinsa, mai A, F, S da C kafin mu taɓa na majiyyaci. Duk abin da ya fito ba daidai ba sai an tabbatar da shi ta hanya ta biyu. Hukumar UK NEQAS kuma tana aiko mana da jinin da ba mu san amsarsa ba, ta auna mu. Jariri na kwana biyar ake tsaga masa diddige a ɗebi jini, kuma tun 2006 gwajin sikila ya game Ingila duka, ba a karɓar ko sisi.

Kada ka ɗauka komai nan ya fi. A gida ka shiga da safe, ka biya, ka karɓi sakamako da la'asar. A nan sai likita ya rubuta, ganin likitan ma sai da jira. Na'urar kuma ba ta shan ruwan kowa sai na kamfaninta, mai tsada, mai wa'adi, tana son wuta tsayayyiya da injiniya a kusa. A kai ta inda babu waɗannan, ƙura za ta sha.

Tunda Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, nauyin da ke kan takardarku ya ƙaru. Manyan asibitocin koyarwa ne ya kamata su riƙe irin wannan na'ura, ƙananan su riƙa tura musu duk jinin da ya ba su shakka. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai batir, Gazelle, wadda aka gwada samfurinta na farko a asibitocin Kano. Ka bincika ta. Kafin nan, kada ka saki takarda ba tare da jinin gwaji a gefenta ba, ka sauya bafa a kan kari, kuma ka tambayi kowa ko an yi masa ƙarin jini cikin wata huɗun da suka wuce, don jinin wani yana iya sa mai SS ya fito maka kamar AS.