Sharhi a kan wata mai ɗinkin mata a Garwa, daga wadda kayan kanti ba sa yi wa daidai

Wannan sharhi ne a kan aikin wata tela mace da ke ɗinki a cikin gidanta a nan Garwa, a arewacin Kamaru, wadda ta zama ita kaɗai ke yi mini suturar da nake sawa tun daga Sallar bara zuwa yau. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi unguwarta ba, domin alherin da ta yi mini bai cancanci in saka mata da jawo mata ido ba. Ni dai an haife ni namiji, amma a matsayin mace nake rayuwa, kuma waɗanda nake zaune da su sun san haka. Na rubuta wannan ne saboda masu hali irin nawa, da kuma duk wata mace mai tsawo da faɗin kafaɗa wadda ta gaji da sayen rigar da sai an yi mata gyara kafin ta shiga jiki.

Kafin in je wurinta, kayan da aka riga aka ɗinka nake saye a babbar kasuwa, wato abayoyin da ake kawowa daga Dubai, da dogayen rigunan Turkiyya da na Sin, wani lokaci kuma in tsinci wani abu mai kyau a wurin masu gwanjo. Matsalarsu guda ce kullum. An yanka su ne bisa jikin da kafaɗarsa ba ta kai ƙugunsa faɗi ba, ni kuwa nawa jikin akasin haka yake. Idan na ɗauki wadda ta shiga kafaɗata, sai ƙasanta ya yi mini yawa yana lilo, idan kuma na ɗauki wadda ta yi daidai a ƙasa, sai hammata ta kama, hannun rigar ya tsaya nesa da wuyan hannuna. A mafi yawan rumfunan babu wurin gwadawa, ko da akwai ma ba zan iya shiga ba, don haka sai dai in ɗaga riga in auna ta da ido, in ce wa mai kaya ta ƙanwata ce, alhali na san ba a karɓar abin da aka riga aka fita da shi. Rigunan da na saya ta wannan hanya na kyautar ban taɓa sa su ba sun fi waɗanda na mora.

Mai karatu zai iya cewa ai teloli sun cika kasuwa, in sayi atamfa in kai. Gaskiya ne, kuma da yawansu maza ne da suka ƙware a ɗinkin mata. Sai dai awo a rumfar kasuwa abu ne da ake yi a gaban jama'a, a gaban yaran shago da masu zaman hira da mai kawo shayi, kuma labarin da aka gani da hantsi yakan riga mutum isa gida. A Kamaru wannan ba maganar kunya kaɗai ba ce. Sashe na 347-1 na kundin hukunta laifuka na 2016 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 da tarar sefa 20,000 zuwa 200,000 a kan tarayya tsakanin jinsi ɗaya. Sashen bai ambaci tufafi ba, amma a aikace tufafin ne ake fara gani. A watan Fabrairun 2021 an kama wasu biyu masu irin halina, Shakiro da Patricia, a wani gidan abinci a Duwala suna sanye da kayan mata, a watan Mayu kotu ta yanke musu shekara 5, kuma ko da aka sake su a watan Yuli kafin sauraron ɗaukaka ƙarar da lauya Alice Nkom ta shigar, wasu mutane sun yi musu duka a titi a watan Agusta. Idan hakan ya faru a Duwala, inda ba kowa ya san kowa ba, to mai zaune a Garwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Saboda haka abin da nake nema a wurin tela biyu ne, iya yanka da iya riƙe baki, kuma da wuya a same su a hannu ɗaya.

Wata ƙawata mai sayar da turaren wuta da humra ce ta haɗa mu, bayan ta fara yi mata bayanina dalla-dalla domin kada in zo mata ba zato. Tsarinta mai sauƙi ne. Ana tura mata hoton ɗinkin da ake so ta WhatsApp, a biya rabin kuɗi ta Orange Money, sannan ta sa lokacin awo. Ni ta sa mini bayan la'asar, sa'ad da 'yan matan da ke koyon ɗinki a wurinta suka tashi. Ɗakin ƙarami ne, da keken ƙafa guda da na lantarki guda, da tebur mai cike da ƙyallaye da alli da almakashi, da wani littafin makaranta mai murfin leda inda take rubuta awon kowa. Ta amsa sallamata, ta ce, “Shigo, ƙanwata, ajiye mayafin a kan kujera,” ni kuma tun ranar Adda nake ce mata, kamar yadda ake kiran babbar 'yar'uwa a garin nan da Fillanci ya shiga bakin kowa.

Awon da ta yi mini shi ne ya fara nuna mini bambancinta. Telolin da na sani sukan ɗauki kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawo, su rubuta, shi ke nan. Ita kuwa ta auna faɗin baya dabam da na gaba, ta auna zagayen damtse da zurfin hammata, ta auna daga wuya zuwa inda cikina ya fi shigewa, sannan ta ɗaura mini wani siririn ƙyalle a wurin ta ja da baya tana kallo. Ta ce in ɗaga hannuwana sama, in sunkuya kamar mai ɗaukar abu a ƙasa, in zauna a kujera. Ta kuma tambaye ni kai tsaye, ba tare da murmushi ko kawar da kai ba, ko rigar maman da ke jikina ita ce zan riƙa sawa a ƙarƙashin ɗinkin, domin idan cikon ya canja, awon ƙirji ya tashi a banza. Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya a matsayin tambayar aiki, kuma ita ce ta fi amfani a cikin duk abin da aka tambaye ni.

Na je da hoton riga da siket mai kama jiki, irin wanda ake yayi, ta duba ta ce za ta iya ɗinkawa amma ba za ta ba ni shawararsa ba. Hujjarta ita ce ɗinki mai kama ƙugu yana fito da abin da ke akwai ne, ba ya ƙirƙiro abin da babu, kuma hannu mai tattara a saman kafaɗa zai ƙara mini faɗi a inda nake so a rage. Maimakon haka ta yanka mini doguwar riga wadda ta ɗaga mahaɗin tsakiyarta sama kaɗan da inda aka saba, ta buɗe ƙasanta a hankali tun daga nan, ta yadda faɗin da ke ƙasa ya yi daidai da na kafaɗa. Wuyan ta yi shi mai tsini zuwa ƙasa, ba mai faɗi zuwa gefe ba, hannun kuma ta shigo da ɗinkinsa ciki kaɗan daga ƙarshen kafaɗa, ta sake shi ya sauka har bayan tafin hannu yana buɗewa. A ƙarƙashin hammata ta ƙara wani ɗan yanki mai kusurwa huɗu wanda ba a ganinsa sai an ɗaga hannu, kuma saboda shi ne nake iya miƙa hannu in ɗauko abu a sama ba tare da na ji zare yana kuka ba. Har zanen atamfar sai da ta lura da shi: manyan furannin ta kai su ƙasa, ta bar wajen ƙirji da kafaɗa a inda zanen ya fi ƙanana. A zanin ɗaurawa ma ta ƙara tsawo da wani yanki daga ragowar turmin, ta haɗa shi daidai kan layin zane, sai mai neman aibu ne zai gano mahaɗin.

A nan dole a yi lissafin yadi. Turmi mai yadi 6 yana isar mace matsakaiciya riga da zani da ɗankwali har a sami saura, amma ni idan doguwar riga ce mai buɗaɗɗen ƙasa, ɗankwalin ma da ƙyar yake fita. Ta faɗa mini haka tun kafin ta sa almakashi, ba bayan ta yanka ba, kuma duk ƙyallen da ya rage tana naɗo shi a cikin ledar kayan.

Wajen zaɓen atamfa ma na ƙaru da ita. Garwa gari ne na auduga, a nan hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton take, a nan kuma masana'antar atamfa ta CICAM, wadda ke fitar da zanen ranar mata ta 8 ga Maris, ta kafa masaƙarta, amma kasuwarmu cike take da atamfa mai arha wadda roba ta fi auduga yawa a cikinta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, irin wannan atamfa azaba ce, musamman ga wadda ke da ƙarin abin sawa a ciki kamar ni. Adda takan murza bakin atamfa a tafin hannu ta sake, ta jiƙa wani lungu ta goga a farin ƙyalle don ta ga ko tana zuba, kuma idan tana shakka takan zare zare ɗaya ta kusanta shi da ashana: na auduga yakan ci ya zama toka, na roba kuwa sai ya dunƙule ya yi ƙullutu. Ta taɓa mayar mini da wani turmi da na sayo saboda kyan launinsa, ta ce ba za ta ɓata aikinta a kan abin da zai koɗe kafin damina ta wuce ba.

Aikin nata ba ya rasa aibu, kuma babban aibunsa shi ne saɓa alkawari. Idan ta ce mako biyu, a lissafa uku, idan kuma azumi ya kama, to sai abin da Allah ya yi, domin takan karɓi ɗinkin Sallah fiye da abin da hannunta zai iya, ga ɗaukewar wuta da ke mayar da ita kan keken ƙafa. Kayan Sallata ƙarama sai bayan an sauko daga idi suka iso, kalmasar ƙasan kuma an yi ta cikin gaggawa har ta karkace a gefe ɗaya. Ta gyara ba ta karɓi ko dala ba, amma ranar da aka yi ɗinkin dominta ta riga ta wuce. Na biyu, zif ɗin da take sawa ba shi da ƙarko, ɗaya ya buɗe mini a baya tun rigar tana sabuwa, don haka yanzu ni nake sayo nawa in haɗa mata da atamfar. Na uku, tana son sa shafi mai santsi a cikin riga domin ta tsaya da kyau, shafin kuwa yana riƙe zafi, sai an nace mata kafin ta yarda ta sa na auduga ko ta bar shi gaba ɗaya. Ba ta da keken surfani, waje take kaiwa, kuma aikin da ake dawo mata da shi bai kai nata tsabta ba.

Kuɗinta ya ɗara na kasuwa. Doguwar riga marar ado jaka bakwai na biya, wato sefa 7,000, riga da zani jaka biyar, kuma ba ta son ciniki. Da farko na yi zargin ko ta ƙara mini ne saboda ta san ba ni da wurin zuwa, abin da masu irin halina suka saba gani a wurin mai gidan haya da mai kitso, amma da na tambayi ƙawar da ta haɗa mu sai na tarar kuɗin ɗaya ne.

Game da riƙe baki, abin da zan iya shaida shi ne har yau ban ji maganata ta fito daga ɗakin nan ba. A littafin awonta ba ta rubuta sunana ba, sunan ƙawata ta sa da wata alama a gefe. Kada kuma a ɗauka cewa ta yarda da rayuwata ne. Mace ce mai addini, kuma ta taɓa ce mini, tana cire allura daga bakinta, “Ni awo na sani, ƙanwata, hisabi kuwa ba a hannuna yake ba.” Ban nemi fiye da haka daga gare ta ba. Ta gindaya mini sharaɗi biyu, kada in sa hoton ɗinkinta a Facebook, kuma kada in turo mata kowa sai na fara tambayarta, domin tana da miji da maƙwabta da 'yan koyo waɗanda iyayensu suka ba ta amana. Ina ganin sharuɗɗan sun yi daidai, ko da yake na biyun yana nufin wannan sharhi ba zai iya kai kowa ƙofarta ba, sai dai ya nuna abin da ya kamata a nema a wurin wata.

Kyan ɗinki kuma ba ya canja abin da ke rubuce a katin shaida. Rigunan nan ina sa su a gida, da cikin unguwar da aka saba da ni, da bikin waɗanda suka gayyace ni da saninsu, yawanci da babban mayafi a kai. Idan tafiya ta kama ni zuwa Marwa ko Ngaundere, inda akwai shingayen jami'an tsaro a hanya kuma ana neman kati, jallabiya nake sawa, rigunan Adda suna cikin jaka.

Wadda za ta nemi irin wannan tela, ta je da rigar cikin da za ta riƙa sawa, ta sayi yadi fiye da abin da aka saba, ta kai ɗinkin Sallah tun watan Sha'aban bai ƙare ba, kuma ta roƙi a yi mata gwaji kafin a rufe ɗinki, domin a wannan gwajin ne ake gyara kafaɗa da hammata cikin sauƙi. Abin da Adda ba ta iya yi mini maganinsa ba shi ne takalmi. Ƙafata lamba 44 ce, na mata kuwa a kasuwarmu da wuya ya wuce 41, don haka na ba wani baduku sawun ƙafata a kan kwali ya yi mini silifa na fata, kuma sai na ga yadda zai jure damina kafin in ce wani abu a kansa.